Emanuel Gawlik, Maƙerin da Ya Kai Birkinsa Coci

Haihuwa da asali

An haifi Emanuel Gawlik a shekarar 1884 a Szarlej, garin mahaƙa kwal da ke Silesiya, a zamanin da yankin ke ƙarƙashin mulkin Jamus. Mahaifinsa Wincenty mahaƙi ne, mahaifiyarsa Otylia kuwa wankau take yi tana kiwon zomaye. A gida harshen Poland ake yi, a makaranta kuwa da Jamusanci ake karantarwa, da shi kuma ake tsawa.

Karatu da sana'a

A 1898 ya kammala makaranta ya shiga koyon ƙira a wata mahaƙa kusa da birnin Bytom, inda ya yi aiki har ƙarshen ƙarfinsa. A 1909 igiyar ƙarfen da ke riƙe da kejin saukar da ma'aikata ta tsinke, kejin ya rufta ƙasan rami da mutanen da ke ciki, har da wansa Konstanty. Tun daga wannan musiba Emanuel ya ƙudurta cewa sai ya ƙera abin da zai riƙe keji idan igiya ta ci amana.

Aure da iyali

A 1905 ya auri Waleska Pyka, 'yar wani mai gasa burodi, mace mai kaifin baki da saurin dabara. Sun samu zuri'a, sun zauna lafiya, duk da cewa ya mayar da rumfar bayan gida maƙera, tana yawan ce masa, “Tsoho, ni ka aura ko uwar maƙera?”

Rabon ƙasa da rikicin birki

A 1922 aka raba Silesiya, iyaka ta bi ta tsakanin gidansa da wurin aikinsa: gida ya faɗa Poland, mahaƙa ta tsaya a Jamus, ya zama sai da takardar izini yake zuwa aiki. A 1926 ya kammala wani sabon birki mai haƙoran ƙarfe da ke cizon katakon ramin da zarar igiya ta saki. Aka cika keji da duwatsu, aka datse igiya da gangan, kejin ya tsaya cak.

Nan take jaridun Jamus suka kira shi shaidar basirar Bajamushe, tun da a mahaƙarsu aka gwada shi. Jaridun Poland suka ce ƙarya ne, ai a rumfar da ke ƙasarsu aka ƙera shi. Shugaban mahaƙar ya kira Emanuel ya ce, “Gawlik, ka tsaya gaban taro ka ce kai Bajamushe ne. In ba haka ba, babu birki, babu takardar izini.” Da yamma magajin garinsu ya tare shi a hanya ya ce, “Maƙwabci, in ka faɗi haka, haƙoran Jamusawa ba za su shiga raminmu ba.” A lokacin kuwa 'ya'yansa maza sun fara shiga rami, biyu a wannan ɓangare, ɗaya a wancan, saboda haka duk ƙasar da ya zaɓa, akwai ɗansa da zai ci gaba da sauka a keji marar birki.

Waleska ce ta warware lamarin tana fere dankali. “Kai dai ka iya ƙarfe, ba ka iya mutane ba,” in ji ta. “Ka ba wadda babu mai iya ƙwace mata.”

Ranar huɗu ga Disamba, ranar Waliyyiya Barbara wadda mahaƙa ke ɗauka majiɓinciyarsu, mahaƙan ɓangarorin biyu suka yi jerin gwano zuwa coci cikin baƙaƙen kayan biki da huluna masu gashin tsuntsu. Emanuel ya shigo da birkin a kafaɗa, ya dire shi gaban mutum-mutuminta, ya bayyana cewa ya sadaukar mata da shi. A al'adarsu, abin da aka ba Barbara ya zama na duk mai shiga rami. Kafin ƙarshen hunturu, ma'aikata nan da can suka ƙi shiga duk kejin da ba shi da haƙoran Barbara, shugabanni kuma babu wanda ya yarda a ce shi ne mai jayayya da waliyyiya. Aka sanya birkin a mahaƙun yankin, aka bar wa Emanuel takardar izininsa, jaridu suka nemi wani abin faɗa.

Shekarun ƙarshe da rasuwa

Emanuel ya ajiye aiki a 1934 ba tare da lambar girma daga kowace ƙasa ba, ya kuma bayyana wa abokansa cewa hakan bai taɓa hana shi barci ba. Ya rasu a watan Fabrairun 1937 bayan gajeruwar jinyar ciwon huhu, aka binne shi a maƙabartar cocin Szarlej, mahaƙan ƙasashen biyu suna karɓa-karɓar akwatin gawarsa. Ya bar matarsa Waleska da 'ya'ya biyar: Gertruda da Klara, da Alfons da Teofil da ke aiki a ramukan Poland, da Rudolf da ke na Jamus, waɗanda dukansu uku kowace safiya sukan shiga keji, kowace yamma kuma su dawo gida su ci abinci.