Ranar da Masu Nono Suka Tare Ƙofar Shagona

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar nan, ina cikin buɗe shagona na kwamfuta, labarin rasuwar Injiniya Hamisu na Kusada ya iske ni.

Duk wanda ya san ni a Kankia ya san ni da fargaba. A 'yan ƙananan littattafai na koyi kwamfuta, kuma abin da littafi bai faɗa ba tsoro yake ba ni.

Wata shekara, gab da rajistar jarabawar shiga jami'a, kamfanin da ke ba ni intanet ya yi gargaɗin yanke layina, wai na'urata tana damun wasu da saƙonni. In aka yanke, ɗaliban da suka dogara da shagona sai sun tafi Katsina. Na kira Hamisu, wanda sana'arsa gwada tsaron irin waɗannan na'urori ce. Ya nemi izinina, ya gwada, ya yi bayani. Ban fahimta ba.

Ranar kasuwa sai ga masu tallar nono sun cika ƙofata, kowacce na cewa ni na aika a kawo. Na rantse ban aika ba. Wata dattijuwa ta ce daga Rimaye ta taso, kuma ƙwaryarta ba ta komawa gida cike. Masu shigowa shago suka rasa hanya.

Can na hango Hamisu a kan babur yana ƙyaƙyata dariya. Ashe shi ya zaga ya yi aiken da sunana.

Ya ce, "Malam Sada, irin harin da ake kai wa mutane ta na'urarka ke nan. Mugu ya aika tambaya da adireshin wani, amsoshi su taru su danne mai adireshin. Na'urarka ɗaya ce cikin masu ƙwaryar nan, kowa ya kira sai ta amsa."

Ya saye nonon duka, muka sha da maƙwabta. Sannan ya saita na'urar ta daina amsa baƙon kira daga waje. Ba a yanke layin ba, ɗalibai suka yi rajistarsu.

A tashar Kusada muka yi ganin ƙarshe. Ya tambaye ni ko har yanzu ina jin tsoro. Na ce ƙwarai. Ya ce in rage, amma kada in zubar duka, yana da amfani.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri.

Yau ni nake aike da sunansa. Duk wanda ya karanta, don Allah ya kai masa addu'a, ta taru ta cika ƙofarsa.