Idon Halidu Direban Motar Likita

Duk wanda ya daɗe a Arlit ya san Halidu, mutumin Tahoua, direban motar likita ta gwamnati. Ya zo garin yana saurayi, ya tsufa a kan hanyar Agadez, yana kai waɗanda ciwonsu ya gagari likitocin gari. Da yawansu maƙwabtansa ne, ma'aikatan ramin haƙar ma'adinai masu tarin da ba ya jin magani. Wasu ya kai su da rai. Wasu kuwa tun a tsakiyar daji sai ya ji nishi ya ɗauke a bayan mota, ya gangara gefen hanya, ya ja musu mayafi, sannan ya juya akala zuwa gida.

Bayan ya ajiye aiki, yanar ido ta fara rufe masa gani. Hazo-hazon bai dame shi ba kamar abin da yake gani a ciki. Da rana tsaka, yana zaune ƙofar gida, sai ya hangi mutane tsaye nesa kaɗan, sanye da hular rami, ba sa matsowa, ba sa tafiya. Ya san tsayuwar kowannensu, waɗanda suka cika a bayan motarsa ne. Bai faɗa wa kowa ba sai ɗiyarsa Zinatu, mai ɗinki a kasuwa.

"Baba, yanar ido ce kawai," in ji ta. "Ba kana da katin inshorar ma'aikatan gwamnati ba? Mu je a cire ta."

A Arlit babu mai aikin ido. Suka hau motar Agadez, karon farko da Halidu ya bi hanyar nan ba shi ke tuƙi ba. Ba ya ganin komai, amma jikinsa ya san kowane gargada. In an kai wani wuri sai leɓɓansa su motsa da addu'a.

A babban gidan likita aka ce mai fiɗar ido ya tafi Yamai, ba a san ranar dawowarsa ba. A wani gidan likita na kuɗi, matar da ke karɓar baƙi ta jujjuya katin, ta miƙo musu.

"Baba, yi haƙuri, ba ma aiki da wannan."

Haka suka yi ta bulayi cikin rana, Zinatu na riƙe da hannun rigarsa. Wani mai sayar da tabarau, Attaher, ya ji suna shawarar komawa gida, ya ce akwai wani ƙaramin asibitin ido a Tahoua da ke karɓar katin, can aka yi wa yayarsa aiki.

Rabon Halidu da Tahoua tun rasuwar mahaifiyarsa.

"Ashe garinmu zan koma ban ganinshi," ya ce.

Can aka karɓi katin ba gardama. Aka yi wa idon dama aiki, aka ce na hagu sai bayan damina. Da aka kwance bandejin, abin da ya fara gani fuskar Zinatu ce, da furfura a gaban goshinta. Ya daɗe yana kallonta, ita kuma tana dariya tana share hawaye.

Da suka dawo Arlit ya fita zaga unguwa shi kaɗai, ba sanda. Sai ya ga abin da hazo ya ɓoye masa. Tun da aka rufe ramin ma'adinai na Akokan mutane suka watse, layinsu duk kwaɗo ne a ƙofofi, yashi ya hau dokin ƙofa. A gidan Ramalan, abokin hirarsa, ba kowa sai tsohuwar ganga jingine da bango.

Ya komo ya sami Zinatu tana tankaɗe.

"Ina Ramalan ya tafi?"

"Ai iyalinsa sun kai shi Maradi tun bara, Baba. Can Allah ya yi masa cikawa. Mun ɓoye maka ne saboda hawan jininka."

Halidu ya nemi bakin tabarma ya zauna.

"To wa ke amsa mini gaisuwa a ƙofarsa kullum in na fito masallaci?"

Zinatu ta ajiye rariya.

Da damina ta wuce ta tuna masa maganar idon hagu. Ya ce su bari sai an kwana biyu, don a hazon idon nan ne kawai yake hango masu hular rami yanzu. Har yau yana nan Arlit, kuma in ya biyo layin da safe yakan yi sallama a kowace ƙofa, ya ɗan dakata kafin ya wuce.