Neman Karaz Daga Balad Zuwa Safa

Ku matso, 'ya'ya da jikoki, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan gare ku, amma ba ta gizo ba ce, da ƙafata na taka ta.

Tashi daga Balad

Jikata Safiyya tana da tsohon ciki, tana zaune wurina saboda mijinta na wuni wurin aiki a Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni. Sai kwaɗayin karaz ya kama ta, ɗan itacen nan ja mai siririn hannu da wasu ke kira ceri. Ga shi sanyi ya shigo, lokacinsa ya wuce.

A nan Balad, tsohuwar unguwar Jidda, mun gada cewa mai ciki in ta yi kwaɗayi ba ta samu ba, duk inda ta sosa, nan tabon abin zai fito wa jariri. Wahama ake ce masa. Safiyya ta wuni ta danne hannuwanta da cinyoyi.

"Kaka, hancina ƙaiƙayi yake."

"Ki bar shi ya yi. Ba za ki haifo mini mai jan hanci ba."

Ana sallame Asuba na ɗauki abaya. Malam Abbakar, Bahaushen Sudan mai tasi, yana bakin lungu.

"Hajja, tun da sassafe? Ko an yi miki miji ne?"

"In an yi, kai za ka ɗauko lefe. Yalla, ja mu tafi."

Kantunan hanya

Mun tsaya a shagon wani Bayamane, ya ce halas, wato ya ƙare, sai zafi ya dawo. A babban kantin gaba aka miƙo mini na kwalba, jiƙe da ruwan sukari. Na ce wahama ba ta san kwalba ba. Muka sayi gurasar tamis mai zafi da wake, muka karya a mota.

Halaƙar Safa

Rana na ɗagowa muka shiga halaƙa a unguwar Safa, kasuwar da ake sauke kayan marmari. Muka bi rumfa rumfa har gwiwoyina suka fara kuka. Aka nuna mana wani dattijo Bashame, mutumin ƙasar Sham.

Ya ba ni kujera, ya ce karaz sana'ar kakanninsa ce. Asalinsa wajen ƙasar Turkawa ne, Rumawan dā suka ɗauke shi suka watsa a duniya, kuma ba ya yi sai inda sanyi ke cizo. Ya ce yana kawo barci, masu ciwon gaɓoɓi ma suna yaba shi.

"Ya ammi, baffana, tarihi ya yi daɗi. Ina karaz ɗin?"

"Kwali guda ya rage, ya Hajja, jirgi ya kawo shi daga inda yanzu suke zafi. Ga mai shi can."

Wani mutum ne mai farin tobi, doguwar rigar Larabawa, yana sa kwalin a bayan mota. Na ja sandata na isa gare shi. Ya ce ya yi alkawarin kai shi walimar ɗaurin aure, ko za a ninka kuɗin ba zai sayar ba. Ya kama murfin mota.

Na ce, "Ɗana, wahama ce."

Ya saki murfin. Masu dako suka tsaya. Da makullin motarsa ya yanka kwalin, ya cika leda da hannu biyu. Na kwance bakin gyale, ya ce aibu ne, ba a karɓar kuɗin mai ciki.

"Ku yi sauri dai, kada ta sosa."

Komawa

Kafin Azahar muna Balad. Na tarar da Safiyya yadda na bar ta, hawaye na zuba ba ta share ba. Ni na wanke karaz ɗin, ni na sa mata a baki. Da ta tofar da ƙwallon farko, ta zaro hannu ta sosa hancinta har ya yi ja, sannan ta yi barci har La'asar. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni.

Malam Abbakar yana nan yana tasi. Bashamen ya koma garinsu, ɗansa ke rumfar. Mai farin tobi ban ƙara ganinsa ba, amma yana cikin addu'ata. Safiyya ta haifi mace, fuska tas kamar an wanke faranti. Yarinyar tana gudu yanzu. Da zafin bana aka ba ta karaz, ta tofar, ta ce ita ɗanwake take so.

Nan ta ƙare, ƙurunƙus.