Kwamfutar Cyriel Mai Tattabaru

Cyriel Vandromme maƙwabcina ne, shinge ɗaya ya raba lambunanmu a wani ƙauye kusa da Roeselare. A masaƙa ya yi aiki har ya ajiye, amma ba wanda ke kiransa da wannan. Mai tattabaru ake ce masa. Tun yana saurayi yake sa tsuntsayensa a tsere. Duk shekara in an yi babban tseren da ake sako su daga Barcelona, akan rubuta sunayen waɗanda tsuntsunsu ya iso da wuri a allon mashayar Firmin, inda ƙungiyarmu ke zama. Sunan Cyriel bai taɓa hawa allon nan ba.

Bara likita ya sa kunne a ƙirjinsa, ya daɗe yana sauraro. Farar ƙurar da ke tashi daga gashin tattabara ta yi masa gida a huhu. 'Yarsa Lieve ta so a kwashe tsuntsayen a ranar. Ya roƙe ta ta bar masa bazara ɗaya. Yana da wata shuɗiyar tattabara da ya ɗora wa rai, kuma ya san ba za a sake ba shi wata shekarar ba.

Ƙa'idar ƙungiyarmu ita ce in tsuntsunka ya sauka, ka sanar da lambar zoben ƙafarsa cikin 'yan mintuna. In ka makara, kamar bai dawo ba ne. Dā ta waya ake yi, yanzu an mayar da abin intanet. Sai Cyriel ya ɗauko tsohuwar kwamfutar da Lieve ta bari, ya ɗora ta bisa wata kanta a cikin ɗakin tattabaru, gefen taga. Daga ɗakin zuwa gida ba nisa, amma shi sai ya tsaya a hanya ya dafa shinge.

Kwamfutar kuwa ba ta sauri. In ya kunna ta, sai ya zuba wa tsuntsaye ruwa, ya kankare ƙasa, ya dawo ya tarar tana nan tana juya ɗan da'irarta a allo.

Ya kawo kukansa mashaya, kowa ya zama gwani.

"Hotuna ne suka danne ta," in ji Firmin yana goge kofi. "Kai kowane ƙwai sai ka ɗauke shi hoto, jikanka ne?"

"Ya dai fi naka jikokin kyan gani," in ji Cyriel.

Gentiel, wanda ya yi aikin raba wasiƙu, ya ce ba haka ba ne. Manhajoji ne ke tashi tare da ita duk safiya, kowace na jan nata ƙarfin, a kashe su. Wani ya ce cuta ce ta shige ta daga intanet, a bincika. Firmin ya ƙara da cewa, "Ka kashe ta ka sake kunnawa mana, tsoho."

"In na kashe ta yau, sai dai mu gaisa da Kirsimeti."

Aka yi dariya. Shi ma ya fara, tari ya katse shi.

Duk abin da aka faɗa masa ya yi. Ina zaune gefensa ranar da ya share hotunan. Sai ya kalli kowanne tukuna, ya faɗi sunan tsuntsun da na uwarsa, sannan ya danna. Mun kashe manhajojin da Gentiel ya ce, har da waɗanda ba mu san aikinsu ba. Binciken cutar ya cinye yini guda, bai kamo komai ba. Washegari da'irar na nan tana juyawa.

Daga ƙarshe Lieve ta sa mu a mota, da mu da kwamfutar, zuwa shagon wata mai gyara a gari, Marleen. Tana kwance murfin ta ja baya tana kaɗa hannu.

"Baba, a ina kake ajiye ta? Injin niƙa?"

Ciki fari fat. Fankar da ke sanyaya ta ta toshe da ƙura da ƙananan gashi, da ƙyar take motsi. Marleen ta ce in ba iska, zafi ke taruwa, ita kuma sai ta rage gudu don kada ta ƙone. Ta busa mata iska, ta goge, ta ƙara mata wani ɗan ƙarfe na ƙwaƙwalwa. Nan take ta tashi kamar sabuwa.

"Ita ana buɗewa a share," ta ce. "Amma kada ta koma inda ta fito."

Lieve ta kalli mahaifinta. Shi kuwa takalminsa yake kallo.

A mota ta ce a ajiye ta a kicin. Ya ce daga kicin ba a ganin saukar tsuntsu, kuma kafin ya taka ya iso lokaci ya wuce. Gaskiya kuwa ya faɗa. Kwamfuta ta koma kan kantarta. Don kada ƙura ta sake shiga, ya lulluɓe ta da bargon da yake rufe kwandon tattabaru in za a yi tafiya. Na ga bargon. Ni ma na ɗauka dabara ce.

An sako tattabarun daga Barcelona ran Juma'a. Asabar da hantsi muna zaune a kujeru muna kallon kudu, rana ta yi zafi irin wanda ba mu saba ba. Can ya kama hannuna. Shuɗiyar ce ta zo ƙasa-ƙasa ta kan rufin coci, ta faɗo kan katakon ɗakin tattabaru, fikafikanta na rawa. Ba mu ji labarin wani tsuntsu ya riga ta a yankinmu ba.

Ya shiga, ya ɗauke ta, ya karanta zoben. Ya danna maɓalli. Da'ira. Ya sake dannawa, komai ya tsaya cik. Ya yaye bargon, jikin kwamfutar kamar murhu. Ya cire hularsa yana yi mata fifita.

"Haba 'yar nan," yake cewa, numfashinsa na yankewa. "Yau kaɗai. Yau kaɗai."

Na rubuta lambar a tafin hannuna. Ni ba ni da kwamfuta. Na kira mashaya da wayar gidana, ta yi ta ƙara, ranar tsere ba mai ji. Na hau keke zuwa can. Gwiwoyina sun yi iya nasu.

Firmin ya dubi hannuna, ya dubi agogon bango. Lokaci ya riga ya wuce. Bai yi zolaya ba. Ya zuba mini ruwa, ya ce in zauna.

Da kaka aka zo da kwanduna aka kwashe tsuntsayen. Shuɗiyar kuwa, wani mutumin Limburg ne ya ɗauke ta, ya ce zai riƙa kulle ta, in ba haka ba nan za ta dawo. Lieve ta sake kai kwamfutar aka share, ta ɗora ta kan teburin kicin, kusa da robar iskar da Cyriel ke sawa a hanci.

Nakan leƙa shi da safe. Yana dannawa take buɗewa. Yakan duba ta ina iska ke kaɗawa a kudancin Faransa, hanyar da tattabarun tsere ke biyowa, ya daɗe yana kallo.

"Maƙwabci, ka ga gudu?" yakan ce.

Nakan ce na gani.