Tsingaron da Ya Fito Daga Rijiyar Kawu

Gidanmu yana bakin Kukuo, wani ƙauye a arewacin Ghana, ta inda gonakin gyaɗa suke farawa. A can na tashi a hannun kakata Habi, uwar mahaifina, maginiyar tukwane. Idan an sauke tuwon zafi an yi magariba, ba ta yarda a kashe murhu. Sai ta jawo 'yar kujerarta, ta miƙe ƙafafu wajen garwashi, mu jikoki mu kewaye ta. Kullum akwai busasshen yumɓu a gindin farcenta, ko ta wanke da sabulun salo ba ya fita. Ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke buɗewa. Cewa take, "Ga baƙuwa a bakin ƙofa." Mu ce, "Ta shigo, an share mata wuri."

Tatsuniyoyinta da yawa, amma wadda muke roƙo kullum ita ce ta Gambo da zanzaro.

Wai a zamanin da fatake suke gangarowa daga ƙasar Hausa da jakuna neman goro, akwai wata mata Gambo a cikin ayari. Da suka iso nan, lokacin babu gari sai daji, jaririnta ya kamu da zazzaɓi, ƙwaryar ruwanta kuma ta fashe. Ayari ya wuce ya bar ta. Rafi da nisa. Ta je ta ɗebo ruwa a tafin hannu, kafin ta iso wurin yaro ya tsiyaye. Ta koma, ya tsiyaye. Ta zauna gindin kaɗanya tana kuka. Sai ta ga zanzaro yana kawo laka a bakinsa, yana gina ɗakinsa a jikin reshe. A nan Kaka takan ƙanƙance murya ta ce, "Ke baiwar Allah, ni da ba ni da hannu ina gini, ke mai hannu biyu kina kuka?" Gambo ta kwaɓa laka, ta shimfiɗa tabarmarta a wani ɗan rami, ta yi ta bugun lakar da dutse har ta yi ciki. Wutar daji ta bi ta kai ta gasa mata. Ta ɗebo ruwa, yaro ya sha, ya rayu.

"Shi ya sa," in ji Kaka, "tukunyar Bahaushiya take da shatin tabarma a gindi. Kuma daga Gambo duk matan ƙasar nan suka koyi gini."

Mu da ake kira baƙi ko da a nan aka binne cibiyarmu, wannan magana ta ƙarshe tana mana daɗi ƙwarai.

To, Kaka tana da aminiya, Mma Sanatu, Badagomba, ita ma maginiya. Tun suna amare tare suke zuwa haƙar yumɓu a bakin rafi, tare suke tara kara da kashin shanu, wuta ɗaya suke gasa tukwanensu. Sai dai hannu ya bambanta. Mma Sanatu ba ta bugu a tabarma. Murza yumɓu take kamar igiya, ta ɗora zobe kan zobe, ta shafe, sannan ta mirgina totuwar masara a bayan tukunya don ado. Hausarta irin ta kasuwa ce, kowa "kai" take ce masa, har da Kaka.

Shekarar da aka sauke tutar Turawa ƙasa ta zama Ghana, aka ce masu sana'a su fito jerin gwano, kowa da kayan aikinsa. Magina mata suka taru, aka rasa wadda za ta shiga gaba. Kaka ta ce ai babu gardama, jikar Gambo ce a gaba. Mma Sanatu ta riƙe ƙugu ta ce, "Kai Habi, kakanka ya zo da ƙishi, a tukunyar kakana ya sha ruwa!" Mata suka kwashe da dariya. Kaka ta ɗauki tulunta ta dawo gida, ba ta yi jerin ba. Daga ranar suka daina gaisawa.

Abin ya zo a mummunan lokaci. Damina ta kusa, ɗanyun tukwanen Kaka sun cika rumfa, kuma tsohuwa ɗaya ba ta iya haɗa wutar gashi. In ruwa ya sauka ba a gasa ba, aikin rani duka ya koma laka. Amma ba tukwanen ne suka fi cin ta ba. Nakan ga ta ɗauki goro da safe ta ɓara biyu bisa sabo, sai ta tsaya tana kallon ɓari guda a hannunta.

A kwanakin nan Kawu Isaka, ƙanen babana, yana haƙa mana rijiya a bayan gida. Ya wuce tsayin mutum da nisa sai ya taras da toka da gutsattsarin tukwane. Da yamma ya kawo wa Kaka tsingaro ɗaya mai faɗin tafin hannu, laka ta rufe shi ruf. Kaka ta juya shi, idonta ya yi haske. Ba ta wanke ba. Ta ce mini, "Ladi, je ki ce wa Sanatu ƙasa ta yi magana, ta zo ta ji da kunnenta." Ta riga ta sakankance shatin tabarma ne a ƙarƙashin lakar.

Mma Sanatu ta iso ana gama tuwo. Ba ta gaida Kaka ba, mu ta gaisar. Ta zauna ɗaya gefen murhun.

"Kafin a wanke," in ji ta, "zurfi ba shaida ba ne. Ni ma ina zuba fasassu a ramin shara. Wataƙila na uwarka ne, Isaka."

Kawu ya ce, "Mma, ƙasar da ke samansa ba a taɓa taɓa ta ba. Marmara ce, sai da ta lanƙwasa mini diga."

"To na yarda ya tsufa. Habi, wanke."

Kaka ta tsoma shi a ƙwarya, ta goge da babban yatsa, ta kara shi kusa da wuta. Muka leƙa. Babu shatin tabarma. Mma Sanatu ta fara murmushi, ta karɓa, sai murmushin ya tsaya. Babu sawun totuwa. Wasu ƙananan ɗigo ne jere a layi, layi bisa layi, kamar an danna haƙoran matsefi a ɗanyen yumɓu. Cikinsu babu wadda ta taɓa ganin irin wannan ado.

Kaka ba ta saki ba tukuna. Ta ce, "Tukunya tana tafiya a kan mutum. Don an same ta a nan, ba a nan aka gina ta ba. Wa ya sani ko daga arewa aka ɗauko?"

Mma Sanatu ta ɓalle gefen tsingaron da haƙori, ta miƙa wa wuta bakin ɓallin. Yana walƙiya ƙyal-ƙyal, irin yashin nan mai ƙyalli da ke cikin yumɓun rafinsu. Ta ɗanɗana, ta tofar. "Ƙasarmu ne, Habi. Ramin da ni da kai muke haƙa."

Kaka ta juya cikin tsingaron. Akwai gurbin babban yatsa inda maginiyar ta tallafe shi. Ta sa yatsanta na dama, bai zauna ba. Ta sa na hagu, ya zauna daram.

"Bahaguwa ce," in ji Kaka.

"A gidanmu babu bahago," in ji Mma Sanatu da sauri.

"Mu ma babu."

Suka kalli juna. Ban san wadda ta fara ba, amma dariya suka yi har Mma Sanatu tana share hawaye da bakin zane. "Wato ni da kai muna faɗa a kan gaba," ta ce, "mai gaban yana kwance bayan ɗakinka."

Mu yara muka ce a yi mana Gambo. Kaka ta gyara zama, ta buɗe. Komai ya tafi yadda muka sani, har zanzaro ya yi maganarsa. Sai ta ƙara abin da ba mu taɓa ji ba. Wai Gambo ta tambaye shi, "Ni ce ta fari da ka koya wa?" Zanzaro ya ce, "Ina! Akwai wata bahaguwa da ta zauna a gindin itacen nan tun kafin ya tsiro. Ita ma ban tabbata ni na koya mata ba." Muka yi ca, muka ce ba haka take ba. Kaka ta ce, "Jiya ba haka take ba. Yau na ga abin da ban gani ba jiya."

Kashegari ta ɓara goro, ɓari guda ya sami mai shi. Suka gasa tukwane kafin ruwan fari. Tsingaron kuwa, al'adar magina ce a daka tsohon tsingaro a zuba cikin sabon yumɓu don kada tukunya ta tsage a wuta. Suka daka shi, suka gina randa ɗaya tare, gindin na Kaka, wuyan na Sanatu. Daga ita na sha ruwa har aka kai ni ɗakin miji.

Jikata tana karatun irin waɗannan abubuwa na cikin ƙasa. Ranar da na ba ta labarin nan, ta ɗora hannu a ka ta ce, "Kaka, a turmi kuka daka?" Ta ce da an ajiye, da yanzu an auna an san zamaninsa. Gaskiyarta ce, kuma na ji zafin abin tare da ita. Ta ce ko su da na'urorinsu, tambayoyin nan suke yi: shin ya tsufa, a nan aka yi shi, hannun wa ne. Sau da yawa ta ukun ba ta da amsa.

Da ina yarinya na ɗauka Kaka ta yi asara a daren nan, an ƙwace mata ƙarshen tatsuniyarta. Sai da na tsufa na san nauyin abin da ta yi. Ni ma yanzu ina da labaran da na rayu a kansu, kuma na san yadda suke manne wa mutum. Ita ta saki nata a gaban jikokinta da abokiyar gardamarta, saboda ɗan tsingaro ya nuna mata wani abu dabam.

Har yau in jikokina suka kewaye ni, ina yi musu Gambo, da bahaguwar a ciki. In suka tambayi sunanta, sai in ce ban sani ba, amma na sha ruwa a hannunta.