Makanikin da Ba Ya Duba Mota da Zafi

Ana sallame sallar asuba, Malam Abdulsalami zai ɗaura akwatin sifanoninsa a bayan keke ya nufi gidan da mota ta ƙi tashi. Haka garin Lafiya ya san shi tun shekarun saba'in. In ka tura masa motar dizil gareji da rana tsaka, sai ya yi murmushi ya ce ka mayar, gobe zai zo. A wurinsa inji in ya ɗumama ɓoye ciwonsa yake yi, shi kuwa yana son ya same shi da sanyinsa.

Wannan ɗabi'a ce ta ceci Iorkyaa, direban a-kori-kurar Alhaji Nababa mai kai doya daga Doma. A sanyin 1983 motar ta fara gardama da safe. Iorkyaa, mai 'ya'ya ƙanana, ya ji tsoron a ce shi ya lalata ta, sai ya riƙa zuwa da duku-duku yana tura kaskon garwashi ƙarƙashin inji har ta tashi. Wani maƙwabci ya hango mutum a durƙushe cikin hayaƙi, ya kai wa Alhaji labarin ana yi wa motarsa asiri. Alhaji ya ce a karɓe mukulli. In wannan suna ya bi Iorkyaa, babu mai sake ba shi mota a garin nan.

Da Malam Abdulsalami ya ji labari, sai ya roƙi a dakata zuwa wayewar gari. Ya zo, ya dafa injin, ya duba tokar da ke ƙasa. Sannan ya kwance hitocin, ƙananan ƙarafan nan masu ɗumama inji kafin ya tashi, a hankali don kada ɗaya ta karye a ciki. Ya riƙa jona kowacce da batir. Biyu suka yi jajir, biyu ko gezau.

"Alhaji, taɓa wannan," in ji shi. "Sanyi ƙalau. Aikinta ne bawan Allahn nan yake yi maka da gawayin gidansa."

Aka sa sababbi, murɗa ɗaya motar ta tashi. Alhaji ya miƙa wa Iorkyaa mukulli da hannunsa, bai iya ɗaga ido ba.

Bana gwiwa ta hana Malam taka keke, ya ajiye aiki. Wallahi abin ya taɓa ni. Kai ne mai sammako don motar wani, Malam. Kai ne ba ka yanke wa inji hukunci sai ka taɓa shi, balle mutum.

Na tambayi Iorkyaa me zai ce a kan Malam. 

"Motan kowa zai iya gyara shi," in ji shi. "Sunana ne ya gyara."

Mun gode, Malam, Allah ya ba gwiwa lafiya. Mu kuma da muke saurin karɓar labarin maƙwabci, mu koyi tashi mu je mu dafa da hannunmu.