Katakon da Ya Rufe Ramin Albasar Wilf

Shekara talatin da ɗaya shinge ɗaya ne ya raba bayan gidana da na Wilf Teasdale, shingen ma bai wuce ƙugu ba, don haka abin da zan ba ku da idona na gan shi. A ƙauyenmu na yankin Durham, tun da aka rufe mahaƙar kwal, abu biyu ya rage wa dattawa: zaman kulob ɗin ma'aikata da gasar albasa ta watan Satumba. Wilf ko giyar kulob bai damu da ita ba. Shi dai albasa.

Daga ƙofar kicin ɗinsa har bangon baya wani dogon rami ne cike da baƙar ƙasa. Ubansa ne ya haƙa shi. Kowace shekara ana ƙara masa kashin tumaki, da kunkunniyar murhu, da ciyawar teku da Wilf yake ɗaukowa a buhu, da wani abu guda da bai taɓa faɗa wa kowa ba. Irin ma na gado ne. Albasar da ta fi girma ba a cin ta, sai a mayar da ita ƙasa ta yi fure a shekara ta biyu, Wilf ya ɗaure kan furen da tsohuwar safar matarsa Doreen don kada iska ta kwashe irin. Idan baƙo ya leƙo, ba abin da zai gani sai busassun kara sanye da safa, kamar an shanya wankin mahaukaci.

Abokin hamayyarsa Ronnie Purvis ne, wanda suka yi shekara ashirin suna haƙar kwal kafaɗa da kafaɗa. Kullum sai ya biyo ta lungun baya ya jingina da bango.

"Kai Teasdale, wannan albasa ce ko ƙwayar magani?"

"Je ka sayo tabarau, tsohon banza. Taka ta bara ai a aljihu ka kawo ta."

"A aljihu na kawo ta, a kofi na mayar da ita gida."

"Sau nawa? Faɗa wa Mavis sau nawa."

Ni ce Mavis. Kuma sau huɗu ne, Wilf kuwa sau tara.

Bayan Doreen ta rasu, Wilf ya ƙara nutsewa cikin ramin nan. Wata rana da damina ya zame a laka, gwiwarsa ta ƙi, ya yi kusan awa biyu a kwance kafin na gan shi. 'Yarsa Glenda, wadda take aiki a Leeds, ta taho a guje. Ita tun tana yarinya ba ta ƙaunar ramin. A wurinta shi ne abin da ya hana su zuwa hutu ko sau ɗaya. Ga shi kuma Wilf yana da halin mutanenmu, abin da ya fi so shi ya fi yi wa mita. "Wannan rami shi zai kashe ni," haka yake cewa safe da yamma. Glenda ta ji, ta riƙe.

A lokacin ana yayin wani shiri a talabijin, ran Juma'a da yamma. Za a yaudari mutum a fitar da shi daga gida kwana biyu, ma'aikata su afka wa lambunsa, ya dawo a rufe masa ido, a buɗe. Gaskiya ina son shirin. Na taɓa ganin an yi wa wata mata mai keken guragu hanya har gindin itacenta, wurin da ta yi shekara shida ba ta taka ba, na yi kuka har shayina ya huce. Da Glenda ta ce mini ta rubuta wa masu shirin wasiƙa kuma sun amsa, zuciyata ta ɗan buga, amma sai na ce, "Kai, madalla, 'yar nan." Ta miƙa mini makullin ƙofar baya, na karɓa.

Tsakiyar Agusta ne, saura wata ɗaya gasa. Aka haɗa baki da ƙanwar Wilf ta ce ba ta da lafiya, ya tafi dubiya. Motarsa ba ta gama fita daga layi ba manyan motoci uku suka shigo. Ni aka ɗora wa dafa shayi. Ina tsaye da buta a hannu na ga wani saurayi ya tumɓuke karan nan masu safa ya cilla a kwandon shara yana dariya. Na ga baro yana kai da kawo, ana kwashe baƙar ƙasar nan ana zubawa a babbar mota. Na buɗe baki. Sai na ga Glenda da laka har gwiwa, fuskarta tana haske, tana cewa, "Baba ba zai sake faɗuwa ba." Ga kyamara, ga mutane sun zo daga nesa suna yi mana alheri. A wurinmu ba a tsayar da mai yi maka alheri a ce masa ya yi kuskure. Na tambaye su ko akwai mai son ƙarin sukari.

Albasar gasar kuwa, goma sha biyu, kowace kamar kan jariri, ba a zubar ba. An soya su da nama an ci da burodi. Mai gabatar da shirin ya ce bai taɓa cin mai daɗinsu ba. Ni ma an miƙo mini, kuma na ci.

Ran Lahadi Wilf ya dawo, Glenda ta rufe masa ido da tafin hannunta ta jawo shi ta kicin. Da ta ɗauke hannu, sai ga dandamalin katako shimfiɗe a kan inda ramin yake, ga farar tsakuwa, ga gora a cikin manyan tukwane, an shafa wa shinge da bango shuɗin fenti, ga wani dunƙulen dutse a tsakiya ruwa yana ɓulɓulowa daga kansa. Wilf ya duba hagu, ya duba dama. Sai hawaye suka zubo masa.

Mai gabatarwa ya rungume shi. "To, Malam Teasdale, me ka gani?"

Wilf ya dubi Glenda. Farcenta biyu sun karye, tana riƙe da numfashinta.

Ya ce, "Ya yi kyau. Ya yi kyau ƙwarai. Da ba ku wahalar da kanku ba."

Da aka nuna shirin, ƙasar nan kaf ta ga hawayen, kuma kowa ya ce na murna ne.

Daga nan Wilf ya zama mai gadin lambun da ba nasa ba. A kanti mata su tare shi, "Kai ne na talabijin! Ka yi sa'ar 'ya." Ran Asabar baƙi su leƙo ta bango. Da ruwa ya sauka, katakon ya yi gansakuka ya fi laka santsi, sai ga Wilf a durƙushe da buroshi, da gwiwar nan da aka ce za a hutar. Famfon dutsen ya riƙa toshewa da ganye. Furannin da aka dasa don idon kyamara rabinsu ba su kai Oktoba ba, ya je ya sayo irinsu sak ya mayar, don kada Glenda ta lura.

Amma ba zan ɓoye muku ba, akwai abin da shirin ya gyara. Da, Glenda sau uku take zuwa a shekara, su zauna shiru kamar masu jiran likita. Yanzu duk mako biyu sai ta zo. Su fito da shayi kan katako, ta tambayi lafiyar gora, ya ba ta labarin famfo. Rabon da in ji dariyarsu tare tun Doreen tana da rai. Wannan shi ya ƙara ɗaure shi.

A gasar shekarar Ronnie ya ci kofi, ya dawo da fuska kamar an yi masa rasuwa. Ya jingina da bangon da aka shafa wa shuɗi.

"Ran sarkin talabijin ya daɗe. Sai mu talakawa mu cire takalmi kafin mu taka?"

"Tafi can da kofinka. Ba ni nan shi ya sa."

"Ai shi ne abin haushin. Kai, Wilf, ka ɗauki guduma ka ɓalle abin nan mana."

"Yarinyar ta karya farce a kansa."

"To irin fa? Duk sun tafi?"

Wilf ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar ambulan, ya karkata ta a tafin hannu. Ɗan baƙin iri ne, ragowar na bara waccan, bai cika cokalin shayi ba. Irin albasa ba ya jira. Idan ya wuce shekara biyu ya mutu. Ko dai a shuka shi a wannan karon, ko kuma abin da uban Wilf ya fara ya ƙare a durowa.

Al'adar masu gasa ce a shuka iri washegarin Kirsimeti. Glenda tana gidan, sai Wilf ya lallaɓa ya shuka, ya kawo mini tiren ƙasa ta kan shinge, na ajiye a bakin tagata. Bakwai suka tsiro. Kullum da safe sai ya shigo ya tsaya a kansu, ya juya tiren, ya yi mini faɗa wai na cika ruwa. Amma tsiro ba ya zama a tire har abada. Kafin ƙarshen Afrilu suna bukatar rami mai zurfi, bayan gidana kuma siminti ne tun zamanin mijina. Dokar kulob ma ta ce a lambun mutum na kansa albasarsa za ta girma, 'yan kwamiti sukan zagayo su buga mata hatimi tana cikin ƙasa.

Sai ga wasiƙa daga masu shirin. Za su dawo a watan Yuni su nuna wa jama'a yadda lambun ya kasance.

Na ce masa, "Wilf, ka faɗa mata. Katako shida kawai za ka ɗaga."

"Ke me ya sa ba ki faɗa ba, ranar da kike rabon shayi?"

Bai taɓa tayar mini da maganar ba sai ran nan, bai kuma sake ba.

Ran Lahadin da ya yi niyyar faɗa mata, ina shanya a bayan gida, ina jin su. Ya yi gyaran murya har sau uku.

"Glenda, 'yata, game da lambun nan..."

"Na sani, Baba, katakon yana so a sake shafa masa mai kafin su zo. Zan ɗauki hutu in taya ka."

"Ba wannan ba. Ina nufin, da can, wurin nan..."

Ta ajiye kofinta. "Ka san wani abu? Lokacin ciwon Mama ban zo da wuri ba. Kullum abin yana cina. Wannan lambun shi kaɗai ne abin da na taɓa yi maka na ji na yi daidai."

Ruwan dutsen yana ta ɓulɓula. Na tsaya da riga a hannu ina jira.

Wilf ya ce, "Man katakon, mai launin zuma za mu saya, ko mai duhu?"

Washegari ya zo ya ɗauki tiren daga tagata. Bai bi ta kan shinge ba, ya fita ta lungu, ina biye da shi da ido har ƙofar Ronnie. Ronnie ne ya ba ni ragowar labarin. Wai Wilf ya dangwarar da tiren a kan bango ya ce, "Ga su nan. Idan ka kashe ko ɗaya, ni zan binne ka a ramin." Ronnie ya cire hularsa, abin da ko a coci sai an tuna masa. Sai Wilf ya matso kusa da kunnensa ya faɗa masa abin nan guda da ake sa wa ƙasa. Har yau Ronnie ya ƙi gaya mini.

A watan Yuni kyamara ta dawo. Katako yana ƙyalli, famfo yana aiki. Aka tambayi Wilf ko lambun ya canja masa rayuwa, ya ce ƙwarai kuwa, ya canja. A watan Satumba wata albasa mai fiye da kilo uku ta ci kofi, aka zana sunan R. Purvis a jikinsa. Duk wanda ya san albasa a zauren nan ya gane ta wane gida ce. Wilf ya tafa tare da kowa.

Shekara shida ke nan. Kowace safiya yakan tafi gidan Ronnie ya tsaya a bakin rami yana kushe masa aiki, amma ba ya taɓa shebur, wai ramin wani ba a sa masa hannu. Duk kaka Ronnie yana kawo masa sabon iri a ambulan, ya rubuta "na Teasdale" a bayanta. Wilf ya karɓa ya sa a durowa. Ran Asabar ɗin da Glenda za ta zo, tun da hantsi zan jiyo ƙarar buroshi a kan katako. Wani lokaci sai ƙarar ta tsaya, in leƙa, in gan shi a durƙushe ya sa ido a tsagar da ke tsakanin katako biyu yana kallon ƙasa. Da ya ji motarta a bakin layi sai ya dafa gwiwa ya miƙe, ya je ya ɗora buta.